'Yan Tamil na Gandayen Shayin Sri Lanka: Yadda Aka Raba Filaye Suna Kallo

Idan aka ambaci 'yan Tamil na Sri Lanka, hankalin yawancin mutane yakan tafi arewacin tsibirin ne, wajen Jaffna da yaƙin Tamil Tigers da ya ƙare a 2009. Amma akwai wata al'ummar Tamil daban a tsaunukan tsakiyar ƙasar, a gundumomin Nuwara Eliya da Badulla da Kandy da Matale da Ratnapura. Suna kiran kansu Malaiyaha, gwamnati kuma ta daɗe tana rubuta su a matsayin "'yan asalin Indiya". Ba su yi yaƙin ɓallewa ba, amma su ne doka ta fi ƙuntata wa. A 1948 aka raba su da zama 'yan ƙasa, a 1949 aka raba su da ƙuri'a, ba a kammala gyara wannan ba sai a 2003. Abin da ya fi muni shi ne a tsakanin waɗannan shekarun ne gwamnati ta karɓe gandayen da suke zaune a ciki ta sake tsara mallakarsu. Ranar rabo ba su da takardar zama 'yan ƙasa, ranar da takarda ta zo kuma an riga an gama rabo.

Tushen rigimar yana cikin dokar filaye ta 1840. Bayan Birtaniya ta ci masarautar Kandy a 1815, sai ta kafa doka cewa duk dajin da mutum ya kasa kawo takardar mallakarsa ya zama na Sarauniyar Ingila. Manoman Sinhala (ƙabilar da ta fi yawa a tsibirin) na ƙauyukan Kandy, waɗanda suke kiwo da noman sauya fili a waɗannan dazuzzuka tun kaka da kakanni, ba su da irin wannan takarda. Aka sayar wa Turawa filayen da arha suka dasa kofi. Da cutar tsatsa ta fara cin kofin daga 1869, sai aka koma shayi, wanda James Taylor ya fara gwada shi a gandun Loolecondera a 1867. Kofi na buƙatar hannaye ne lokacin girbi kawai, shayi kuwa ana tsinkarsa duk shekara, don haka ya zama dole a zaunar da ma'aikata da iyalansu dindindin.

Daga kudancin Indiya aka kwaso su, daga yankunan Madurai da Tirunelveli da Ramanathapuram da Tiruchirappalli. Mai ɗauko su shi ne kangani, wato helima, wanda yake ba su bashin kuɗin hanya, ya ƙetarar da su zuwa Mannar, su tako a ƙasa ta cikin daji har Matale. Bashin nan shi ya ɗaure su, sai a 1921 aka soke takardar tundu da ake sayar da bashin ma'aikaci da ita daga wannan gandu zuwa wancan. An zaunar da su a dogayen barikoki da suke kira layam: ɗakuna a jere ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, kowane ɗaki kimanin ƙafa 10 da 12, iyali guda a ciki, murhu a baranda. Ɗakin na gandu ne, kuma ana zama a ciki ne muddin akwai wanda sunansa ke cikin rajistar aiki. Wannan sharaɗi na haɗa muhalli da aiki shi ne igiyar da ta ratsa dukan tarihin nan, har yau ba ta gama tsinkewa ba.

Saboda haka tun farko akwai mutum biyu da aka zalunta a fili ɗaya: manomin Kandy da aka ƙwace wa daji, da lebura da aka kawo aka ɗaure da bashi. 'Yan siyasa suka zaɓi su nuna wa na farko cewa na biyun ne matsalarsa. Dokar raya filaye ta 1935, wadda D.S. Senanayake ya jagoranta yana ministan gona, ta keɓe rabon filayen gwamnati ga waɗanda take ɗauka 'yan Silon ne (sunan Sri Lanka a lokacin), ma'aikatan gandu ba sa ciki. A 1946 gwamnati ta karɓi gandun Knavesmire a gundumar Kegalle don faɗaɗa ƙauyuka, ta ce ma'aikatan da ke ciki su tashi, waɗanda suka ƙi kuma aka gurfanar da su da laifin shiga fili ba izini. Wannan shi ne samfurin abin da za a yi da yawa bayan shekara talatin.

Amma a lokacin ma'aikatan gandu suna da ƙuri'a, ko da da sharuɗɗa. A zaɓen 1947 jam'iyyarsu ta Ceylon Indian Congress ta ci kujeru 6 cikin 95 da aka yi takara a kansu, ƙuri'unsu kuma sun taimaki jam'iyyun 'yan gurguzu a wasu mazaɓu da dama. Jam'iyyar UNP ta Senanayake ta tashi da kujeru 42 kacal, ba ta samu rinjaye ita kaɗai ba. Duk wanda yake son fahimtar dokokin da suka biyo baya, ya riƙe wannan lissafin a ransa.

Dokar zama ɗan ƙasa mai lamba 18 ta 1948 ba ta ambaci Tamil ko Indiya ba ko sau ɗaya. Cewa ta yi haihuwa a Silon kaɗai ba ta isa ba. Wanda aka haifa a tsibirin sai ya nuna cewa mahaifinsa ma a nan aka haife shi, ko kuma kakansa na wajen uba da mahaifin kakan. Wanda aka haifa a waje kuma sai ya kawo shaidar zuriya biyu. A rubuce dokar ta hau kan kowa. A aikace ba wanda ya tambayi manomin Sinhala takardar haihuwar ubansa, alhali rajistar haihuwa ba ta zama tilas ba sai ƙarshen ƙarni na 19, kuma da an tsananta da manyan ƙasar ma da yawa sun kasa. Wanda jami'i ya yi wa kallon baƙo shi kaɗai ake cewa ya kawo hujja. Leburan da aka haifi ubansa a ɗakin bariki, ungozoma ta karɓi haihuwar, ina zai samo ta?

Sai aka kawo doka ta biyu, mai lamba 3 ta 1949, wadda aka ce ƙofa ce ga mazauna 'yan asalin Indiya da Pakistan. Sharuɗɗanta: mai aure ya nuna zaman shekara 7 ba yankewa kafin 1 ga Janairun 1946, marar aure shekara 10, sannan ya ci gaba da zama tun daga lokacin, tafiyar da ta wuce wata 12 a jere ta karya lissafin, kuma sai ya nuna yana da tabbatacciyar hanyar samun abinci. Hujjar zama kuwa tana cikin littafin rajistar gandu. Wanda ya sauya gandu sau biyu ko uku, ko aka rubuta sunansa da haruffa daban a kowane wuri, ko littafin wata shekara ya ɓace, ya faɗi ke nan. An ba da wa'adin shekara biyu. Shugabanninsu suka fara da ƙaurace wa dokar, sai da lokaci ya ƙure suka janye, aka yi ta cika takardu a gurguje. An shigar da takardu kusan 237,000 da suka shafi mutum kimanin 825,000. Bayan fiye da shekara goma ana tantancewa, kimanin 134,000 ne suka samu.

Doka ta uku, gyaran dokar zaɓe mai lamba 48 ta 1949, gajeriya ce: ɗan ƙasa kaɗai ke jefa ƙuri'a. A zaɓen 1952 ba su samu zaɓaɓɓen wakili ko ɗaya ba. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. An ci gaba da ƙirga su cikin yawan jama'a wajen raba kujerun majalisa ga larduna. Wato yawansu yana jawo wa yankin Kandy kujeru, amma wasu ne suke zaɓen masu hawa kujerun, kuma waɗannan wakilai su ne suka fi kowa neman a kore su. An kai ƙara har kotun ƙarshe ta Landan, a shari'ar Kodakan Pillai da Mudanayake a 1953, ana cewa dokokin sun saɓa wa sashe na 29 na tsarin mulki da ya hana nuna wa wata al'umma bambanci. Alƙalan suka ce ƙasa tana da ikon tsara wanda zai zama ɗanta, kuma lafazin dokar bai ware kowa ba. Ko 'yan Tamil na arewa ma kansu ya rabu: G.G. Ponnambalam ya shiga gwamnati ya goyi bayan dokar 1949, S.J.V. Chelvanayakam ya fice ya kafa jam'iyyar Federal a ƙarshen shekarar.

Indiya ta Nehru ta tsaya a kan cewa mutanen nan na Silon ne. Bayan rasuwarsa matsayin ya sauya. A ranar 30 ga Oktoban 1964 Sirimavo Bandaranaike da Lal Bahadur Shastri, firayim ministocin Silon da Indiya, suka sa hannu a yarjejeniya kan mutum 975,000: Indiya ta ɗauki 525,000, Silon ta ba 300,000 takarda, a cikin shekara 15. Ragowar 150,000 aka raba su biyu daidai a 1974 tsakanin Bandaranaike da Indira Gandhi, ya zama 600,000 da 375,000. Ba a tuntuɓi mutanen ba, ba a tuntuɓi ƙungiyoyinsu ba. Aka kuma ɗaure lamarin da ma'auni: duk mutum 7 na ɓangaren Indiya, Silon za ta ba 4 takarda. Gwamnatin Dudley Senanayake a 1967 ta ƙirga bakwai ɗin daga ranar da Indiya ta ba su takardarta. Bandaranaike da ta dawo ta mayar da shi sai sun bar tsibirin da ƙafarsu. Ma'ana, kafin ka zama ɗan ƙasa sai maƙwabcinka ya hau jirgi.

Lissafin bai taɓa daidaita ba, domin waɗanda suka nemi zama a Sri Lanka sun zarce gurbin da aka ware nesa ba kusa ba, waɗanda suka nemi Indiya kuma suka tsaya a 506,000. Wanda aka ƙi a nan, bai kuma nemi can ba, ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Sama da mutum 400,000, har da 'ya'yan da aka haifa bayan yarjejeniyar, sun bi jirgin ƙasa zuwa Talaimannar suka shiga jirgin fito zuwa Rameswaram a Indiya, ƙasar da yawancinsu ba su taɓa gani ba. An raba iyalai, wa ya tafi, ƙane ya zauna. A can Indiya ta buɗe musu gandayen shayi na TANTEA a tsaunukan Nilgiris da bankin Repco, amma kaɗan ne suka samu gurbi. Jirgin fiton ya tsaya a 1984 saboda yaƙi, ya bar dubun dubatar mutane riƙe da fasfo ɗin Indiya suna zaune a barikokin Sri Lanka.

A tsakiyar wannan jigila ne gyaran filaye ya zo. Tawayen matasan ƙungiyar 'yan gurguzu ta JVP na Afrilun 1971, wanda akasari 'ya'yan ƙauyukan Sinhala marasa fili da aiki suka yi, ya girgiza gwamnati. Dokar gyaran filaye mai lamba 1 ta 1972 ta ƙayyade wa mutum eka 25 na gonar shinkafa ko eka 50 na sauran filaye, abin da ya haura ya koma hannun hukumar gyaran filaye. Kimanin eka 563,000 aka tara ta haka. Gyaran 1975 ya haɗa da gandayen kamfanoni, na Birtaniya da na gida, guda 395, kimanin eka 417,000. Jimilla ta kusa eka miliyan ɗaya, ƙarƙashin ministan gona Hector Kobbekaduwa, ɗan Kandy.

A ko'ina cikin duniya hujjar gyaran filaye ita ce fili ya koma ga mai noma shi. A nan mai noman ba ɗan ƙasa ba ne, filin gwamnati kuwa ɗan ƙasa kaɗai ake bai wa. Saboda haka filayen suka bi hanya uku. Kaso mafi girma ya tsaya a hannun gwamnati, ƙarƙashin hukumar raya gandaye ta JEDB da hukumar gandayen gwamnati ta SLSPC. Wani kaso ya tafi ga ƙungiyoyin gama kai irin su Usawasama da Janawasa, waɗanda 'yan majalisar yankin suke da ta cewa a kan wanda za a ɗauka aiki. Wani kuma aka yanka shi ƙanana aka raba wa mutanen ƙauye. A kaso na biyu da na uku ne ɓarna ta auku: da zarar an sauya wa gandu mai shi, aikin ma'aikacin Tamil ya ƙare, tun da kuma ɗaki yana bin aiki, sai ya tsinci kansa a titi da iyalinsa. Wannan ya zo daidai da ƙarancin abinci na 1973 da 1974, lokacin da aka rage rabon shinkafa da fulawa. Mutumin ƙauye yana da ɗan filin rogo a bayan gida, ma'aikacin gandu ba shi da ko taki ɗaya. Aka ga iyalai suna bara a titunan garuruwan tsaunuka. A watan Mayun 1977 'yan sanda suka harbe matashi Sivanu Letchumanan a gandun Devon kusa da Talawakelle, yayin da ma'aikata suke hana masu awo yanka filin.

Ba wanda zai ce koken manoman Kandy ƙarya ne. An ƙwace musu fili, kuma ƙauyukansu sun matse a tsakanin gandaye. Amma kusan eka miliyan ɗaya ta isa a ba kowane iyalin bariki filin gida ba tare da an tauye mutumin ƙauye ba. Ba a yi ba domin ɗaya yana da ƙuri'a, ɗaya ba shi da ita. Da yawa daga waɗanda aka kora, da waɗanda tarzomar ƙin jinin Tamil ta 1977 da 1981 da 1983 ta tarwatsa, sun nufi arewa, Vavuniya da Kilinochchi da Mullaitivu, suka sare daji suka zauna, galibi ba takardar fili. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin can ne yaƙi ya fi zafi daga baya.

Dawowar haƙƙin siyasa ta zo ne ta hanyar ciniki. Savumiamoorthy Thondaman, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta CWC, ya ci kujerar Nuwara Eliya da Maskeliya a 1977, ya shiga majalisar ministocin shugaba J.R. Jayewardene a 1978. Yana da makamai biyu: yajin aikin da zai iya tsayar da shayi, da ƙuri'un da suke ƙaruwa. Gwamnati kuma tana tsoron kada wutar arewa ta kama tsaunuka. Dokar 1986 ta ba mutum 94,000 takarda, wato giɓin da ke tsakanin 600,000 da 506,000. Dokar 1988 ta ba sauran waɗanda ba su nemi Indiya ba takarda. Dokar mai lamba 35 ta 2003 ta haɗa har da masu fasfo ɗin Indiya da ba su tafi ba, kuma a wani gangami na kwana goma da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka, an yi wa kimanin mutum 190,000 rajista. Sai dai kafin nan al'ummar da ta kai kusan kashi 12 cikin 100 na jama'a lokacin samun 'yanci ta koma kashi 4 da ɗoriya a ƙidayar 2012, ko da yake wasunsu yanzu suna rubuta kansu a matsayin Tamil na Sri Lanka. A sansanonin jihar Tamil Nadu ta Indiya kuma har yanzu akwai waɗanda suka tsere a 1983 da bayanta ba su da takardar kowace ƙasa, dokar zama ɗan ƙasa ta Indiya ta 2019 ma ba ta sa su a ciki ba.

Akwai tsadar da wannan salon siyasa ya jawo. Ƙungiyar ƙwadago ita ce jam'iyya, kuɗin mambobi kuma daga albashi ake cire shi a ofishin gandu. Ƙungiyar da ƙarfinta ya dogara ga yawan masu suna a rajistar aiki za ta fi kaifi a kan ladan yini fiye da a kan fili, domin wanda ya mallaki gonarsa ya daina zama mamba.

A 1992 gwamnati ta miƙa gandayen ga kamfanoni 22 masu zaman kansu, daga baya aka mayar da abin hayar shekara 53 da za ta ƙare a 2045. Filin na gwamnati ne, amfaninsa na kamfani, barikokin kuma suna cikin abin da aka ba da haya. Mutum yana da ƙuri'a, amma in zai ƙara ɗaki ko ya haƙa masai sai da izinin manaja, wasiƙarsa ma a wurare da yawa ta ofishin gandu take biyowa. Dokar ƙananan hukumomi ta 1987, a sashe na 33, ta hana majalisun karkara kashe kuɗinsu a cikin gandu domin ana ɗaukarsa wurin kasuwanci mai zaman kansa. Wato ka zaɓi kansila, amma ba shi da ikon gyara hanyar unguwarku. Sai a 2018 aka gyara wannan, shekara guda bayan an tsaga manyan majalisun Nuwara Eliya da Ambagamuwa aka fitar da sababbin majalisun Kotagala da Agarapatana da Norwood da Maskeliya.

Bayan zaftarewar ƙasa ta Meeriyabedda a Oktoban 2014, wadda ta binne barikoki da mutane a ciki, gwamnatin 2015 ta amince a ba kowane iyali filin gida na perch 7. Perch ɗaya kimanin murabba'in mita 25 ne, wato fili na mita 177 ke nan; daga baya aka yi alkawarin perch 10. Indiya ta ɗauki nauyin gidaje 4,000, Narendra Modi ya ƙara 10,000 da ya ziyarci yankin a 2017. Kafin fili ɗaya ya fita kuwa sai ya bi matakai: kamfani ya yarda ya saki wurin daga hayarsa, hukumar binciken gine-gine ta NBRO ta tabbatar ba ya cikin haɗarin zaftarewa, masu awo su yanka su sa iyaka, sannan hukumar da ke riƙe da asalin mallaka ta rubuta takarda. Kowane mataki yana da inda yake maƙalewa. Kamfani ba ya son sakin fili mai kyau kusa da hanya, sai ya nuna gangaren da shayi ya daina yi, masu binciken zaftarewa su ƙi shi, a koma farko. Inda aka amince, sau da yawa ba ruwa ba hanya. Wani lokaci a gina gida a shiga, takardar ba ta fito ba, ko ta fito da sharuɗɗan da banki ba zai karɓe ta jingina ba. Sannan akwai rigimar jerin sunaye: kamfani yana fifita masu aiki a gandu, alhali ma'aikatan kamfanonin sun ragu zuwa ƙasa da rabin yawansu na 1992, 'ya'yan bariki da yawa suna aikin shago da gini da aikatau a Kolombo ko ƙasashen Larabawa.

Ladan yini ya kai rupi 1,000 a 2021 ta hannun hukumar albashi, kamfanoni suka amsa da ƙara kilon ganyen da ake buƙata da rage ranakun aiki, faɗuwar rupi a 2022 kuma ta cinye ƙarin. A 2024 an yi shelar 1,700, aka kai kotu, aka tsaya a 1,350 na asali da ƙari a kan kowane kilo da ya haura ƙa'ida. Abin da kamfanoni suka fi turawa yanzu shi ne a ware wa iyali wasu bishiyoyin shayi su kula da su, su sayar wa masana'antar gandun ganye a raba kuɗi. A ido ya yi kama da ƙaramin manomi, kuma ƙananan manoma, akasarinsu Sinhala na kudu, su ne suke samar da fiye da kashi 70 cikin 100 na shayin ƙasar. Bambancin shi ne wancan yana da takardar filinsa, yana kai ganyensa inda farashi ya fi. Wannan kuwa yarjejeniya ce ta ɗan lokaci, a kan tsofaffin bishiyoyi, mai saye ɗaya ne, taki da asarar fari a wuyansa, kuma sau da yawa ba kuɗin fansho da ake tara wa mai albashi. Ba wanda zai tumɓuke tsohon shayi ya dasa sabo, ya jira shekara uku zuwa huɗu kafin tsinka, a filin da za a iya karɓewa baɗi. Kamfanonin ma hujjar da suke bayarwa ke nan wajen neman a tsawaita musu haya bayan 2045, kuma idan aka sabunta hayar ba tare da an fara cire barikoki da filayen gidaje da gonakin da aka bari suka zama daji daga cikinta ba, za a sake kulle mazauna bariki na wasu shekaru masu yawa.